Kwabban Da: Guda Shida da Ya Kamata Kowane Gida Ya Ajiye

Wata ranar Talata ina koya wa 'yan aji biyar labarin gwauruwar nan da ke cikin Markus sura 12, wadda ta zuba 'yan aninai biyu cikin baitulmali, Ubangiji kuwa ya yabe ta fiye da mawadata. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mene ne anini?" Na dubi ajin duka, babu ko ɗaya da ya taɓa ganinsa. Na yi musu alkawari zan kawo su gani, gama na san kakarmu ta bar wani gwangwani cike da kuɗin da.

Da na je gida na tambaya, ashe an riga an ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, an karɓi kwanon roba guda. Abin da tsohuwa ta yi shekaru tana adanawa ya tafi a yini ɗaya. Tun daga ran nan na shiga tambayar dattawa a Zuru da Dabai da Ribah, ina tara abin da ya ragu. Ba lalle mutum ya cika akwati ba. Ga guda shida da na ga sun isa su ba 'ya'yanmu tarihin ƙasarsu.

1. Farin wuri

Wuri ba ƙarfe ba ne, amma da shi za a fara, gama shi ne kuɗin kasuwannin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya a ke samo shi, ya ratso teku da tudu har ya iso mana. Wuri 20,000 shi a ke kira keso, kaya guda ke nan na ɗan dako. A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da shi, daga nan ya riƙa ja da baya. A nemi wanda aka fasa bayansa, ya kuma yi santsi saboda yawon hannu.

2. Anini

Wannan shi ne autan kuɗi. Anini 10 su ne kwabo, kwabo 12 su ne sule, sule 20 su ne fam. Watau anini 120 ke cikin sule, 2,400 kuma cikin fam guda. Ku ba yaranku wannan lissafi, sa'an nan za su gane ƙanƙantar baikon gwauruwar.

An fara buga shi a 1907. Dalili kuwa shi ne, kwabo ya yi wa cinikin yau da kullum girma. Mace mai sayen gishiri ko daddawa ta saba da wuri kaɗan, tilas a yi mata ƙaramin abu da zai maye gurbinsa. Na farkon da sanholo aka yi shi, amma bai jure wa damina da gumin hannu ba, sai aka koma farin ƙarfe a 1908. Yana da huda a tsakiya domin a shirya shi a zare, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsa saboda waɗanda ba su san boko ba. Ba mu kaɗai muka kashe irin kuɗin nan ba. Tun da aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, kuɗi ɗaya muka riƙa ci a zamanin mulkin Turawa da mutanen Gambiya da Saliyo da ƙasar da yau a ke kira Gana.

3. Kwabon 1936

In ka sami kwabo mai huda, duba shekararsa. In 1936 ce, karanta sunan sarkin da ke jiki, gama sarakuna uku Ingila ta gani a shekarar nan. Joji na 5 ya rasu a watan Janairu, ɗansa Edward na 8 ya hau, amma a Disamba ya sauka domin ya auri wata Ba'amurkiya wadda aurenta ya mutu, abin da gwamnati da ekklesiyar Ingila ba su yarda da shi ba. Ƙanensa Joji na 6 ya gaje shi. A Ingila kanta jama'a ba su kashe kuɗi mai sunan Edward ba, amma mu nan an buga mana anini da ɗari da kwabo da sunansa, ko da ya ke babu hotonsa saboda hudar.

Duba kuma da kyau kusa da hudar. Za ka iya ganin ɗan harafin H ko KN, alamar masana'antu biyu na birnin Bamingam da suka buga shi. Kwabon nan ba shi da tsada, domin an buga shi da yawan gaske. Amma yana koya wa yaro cewa sarautar duniya ba ta da tabbas: mai sunan bai cika shekara a gado ba, kwabonsa kuwa ga shi har yau.

4. Taro ko dalar 1959

Ran 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, ya fitar da kuɗin ƙasarmu ita kaɗai, ana saura kaɗan a sami mulkin kai. A gaba akwai hoton Sarauniya Alsabatu, a baya kuwa amfanin gonarmu. Taro, mai kusurwa 12, yana ɗauke da auduga. Sisi koko, sule ganyen kwakwar manja, dala kuma, watau sule biyu, gyaɗa. Wanda ya sami duka, madalla. Wanda zai zaɓi ɗaya, ni ina son taro, gama dattawa sun ce shi ne yawancin abin da a ke ƙulle wa yaro a bakin zane ran Lahadi domin baiko.

5. Kuɗin Biyafara

Ƙasar Zuru ƙasar sojoji ce. Da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan da ya ba da ɗa ga aikin soja ba. Waɗansu da suka dawo daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun zo da 'yan sulallan sanholo marasa nauyi, masu shekarar 1969, waɗanda ɓangaren Biyafara ya buga. In akwai shi cikin akwatin babanka, kada ka yar. Ajiye shi, ba domin fahariya ba, sai domin yara su san an taɓa zub da jinin 'yan'uwa a ƙasar nan, su yi addu'a kada a sāke.

6. Kwabo 25 na 1973

Ran 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Fam guda ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, shi ya sa tsofaffi suka ci gaba da kiran kwabo 10 sule. A jikin kwabo 25 akwai dalar gyaɗa irin ta Kano. A jikin kwabo 1 kuwa, na'urorin haƙar mai. Ka jera su biyun a tafin hannu, ka ga abin da ya same mu: man ya zo, dalar gyaɗa ta ɓace. An sāke buga tsabar kuɗi a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Kebbi, aka kuma yi a 2007, amma tsadar kaya ta kore su daga kasuwa.

Yadda za a adana su

Kada a goge su da toka ko yashi ko lemon tsami. Ƙyallin zai ba ka sha'awa, amma rubutun ne ke tafiya. Ruwa da ɗan sabulu sun isa, a tsane su sarai. A naɗe kowanne cikin takardarsa, a rubuta shekararsa da sunan wanda ya ba da shi da abin da ya ce a ke saye da shi a zamaninsa. Wannan rubutu ya fi ƙarfen daraja, gama ƙarfen zai daɗe, dattijon kuwa ba zai daɗe ba. A sa su inda danshi ba ya kaiwa, nesa da ƙananan yara masu kai kome baki.

Gargaɗi

Akwai masu yawo suna cewa kwabo mai huda yana da wani asiri, wai ana sayensa miliyoyi, sai dai ka fara ba da kuɗin gwaji. Ƙarya ce, an kuwa cuci mutane da ita. Haka kuma liyarin azurfa mai hoton Mariya Tariza ta Ostiriya, wanda mata ke ratayawa a wuya. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba shaidar tsufa ba ce, gama a shekarar ta rasu, aka ci gaba da buga shi da wannan lamba har zamaninmu.

Mu kuma mu tsare zukatanmu. Mai bi ba ya tara waɗannan domin ya dogara gare su. Sa'ad da aka nuna wa Yesu dinari, sai ya tambayi hoton wane ne a jiki, daga nan ya koya musu hakkin Kaisar da hakkin Allah. Mu ma da 'yan kwabban nan za mu iya koyarwa.

Daga baya wani dattijo a majami'armu ya ba ni anini biyu. Na kai aji, suka bi hannu hannu. Yarinyar nan ta juya su ta ce, "Malam, ashe ɗan wannan ne duk abin da ta ke da shi?" Na ce i, shi ke nan. Ajin ya yi tsit.

Ya ku iyaye, ku duba ƙasan adaka da tsofaffin tukwane kafin mai sayen ƙarfe ya sāke zagayowa.