Yadda ake kare shukar garka lokacin ɗari don ta yi fure

Ya ku manoman garka na Gabi da kewaye, tun bayan farin shekarar 1984 aka ƙarfafa noman rani a Nijar. A bakin Gulbin Gabi da tafkin Madarunfa, garka ce ke cike giɓin da damina ta bari. Amma shukar da ta zubar da fure ba ta ba da ƴaƴa.

Mene ne ɗari ke yi wa shuka?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas. A Faransa ƙanƙara ce ke kashe shuka. A wajenmu busasshiyar iska da sanyin dare ne abin tsoro. Salati, albasa da karoti suna son sanyi. Kuɓewa, tattasai, gwanda da ayaba kuwa ba sa son sa. Tumatir ma yakan zubar da fure idan dare ya sauka ƙasa da digiri 13, ko rana ta wuce digiri 35.

Abin da za ku yi

1. Ku kafa darnin kara ko zana a gefen arewa da gabas. Darni mai tsawon mita 2 yana rage iska har kusan mita 20 a bayansa.

2. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka. Tana riƙe laima a ƙasa.

3. Ku rufe irin dashe da zana da dare, ku buɗe da hantsi.

4. Ku yi ban ruwa da safe a gindi, ba bisa fure ba.

5. Kada ku yawaita takin yuriya. Yana kawo ganye, yana hana fure. Ruɓaɓɓen takin gida ya fi.

6. Da tsakar rana ku ɗan girgiza tumatir, don furen ya kama.

7. Kada ku fesa magani lokacin da ƙudan zuma ke bisa fure.

Mangwaro

Babban mangwaro dabam yake: sanyi da bushewa ne ke sa shi fure. Ku tsai da ban ruwa kamar wata 2 kafin fure, ku koma idan ƴaƴa sun fito. Ƙaramin dashe kuwa, kada ku bar shi da ƙishirwa.

Ku tuna: a shuka tumatir tun Oktoba, don ya yi ƴaƴa kafin zafin Maris. Don ƙarin bayani, ku nemi malamin gona.