Waƙoƙin da ke kwance cikin adaka

A shekarar 1981 wani Ba'amurke Musulmi mai suna Yusef Lateef ya sauka a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zauna har 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya. A ƙasarsu gwanin busa ne a kiɗan jaz, kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago, wanda makaɗi ke tsara abinsa nan take a gaban jama'a. Da ya zo nan, sarewar Fulani ce ta fi ɗaukar hankalinsa. A 1983 ya yi wani faifai tare da makaɗan gida, aka sa masa suna Hikima. Ba a buga shi da yawa ba, bai kuma daɗe ba ya ɓace. Masu tara tsofaffin faya-fayai a ƙasashen waje suka yi ta cigiyarsa fiye da shekara 30, sai a 2019 aka sake buga shi a can, alhali mai shi ya rasu tun 2013. Aikin da aka yi a Zariya ke nan, amma waɗanda suka yi ta nemansa ba mutanen Zariya ba ne.

Masu son jaz suna da wata ɗabi'a da ta cancanci a duba. Duk ranar da gwaninsu ya shiga ɗakin ɗaukar sauti suna da lissafinta: ran nawa ga wata, wa ya buga ganga, wa ya yi busa, kiɗa nawa aka ɗauka, nawa aka fitar, nawa aka ajiye. Da wannan lissafi suke damun kamfanoni, suna cewa a sake bugo wanda ya ƙare a kasuwa, a kuma fito da wanda ba a taɓa fitarwa ba. Nacin nasu yana biya. A 2005 wani ma'aikacin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya ci karo da zaren da Muryar Amurka ta ɗauka a 1957, na wasan Thelonious Monk da John Coltrane, aka fitar da shi a shekarar. A 2018 aka fito da wani aikin Coltrane na 1963 wanda asalin zarensa ya salwanta a hannun kamfani, sai kwafin da ya kai gida aka samu wajen dangin matarsa ta fari.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na 1968. Wani ɗalibi ya gayyaci Monk ya yi wasa a makarantarsu ta sakandare a Kalifoniya, mai sharar makarantar ya kunna na'ura ya ɗauka. Ba kamfani, ba injiniya. Zaren ya zauna a ajiye shekara 52 kafin duniya ta ji shi a 2020. Irin wannan ɗauka, ta mutumin da ya je kallo da rikodarsa, ita ce mafi yawan abin da muke da shi a ƙasar Hausa, kuma ita ce ba mu ɗauka a bakin komai ba.

Ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, can bayan iyakar Kano ta yamma, ya rasu a 1999. Shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Ba kuma zai sani ba, don ba zama yake yi ya tsara waƙa ya haddace ba. Masu kalangu su ɗauka, 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya dubi wanda ke gabansa ya zuba. Waƙa ɗaya in ya yi ta a Funtuwa, gobe ya yi ta a Kano, sai ka ji an sami sababbin ɗiya, an ƙara sunan wani, an yi wa wani zambo. Saboda haka wanda ya ce yana da Bakandamiyar Shata, sai a tambaye shi wacce daga ciki. Marubuta irin su Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, da suka fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ya daɗe yana bin tarihin makaɗa, sun yi ƙoƙari ƙwarai. Amma takarda baiti take riƙewa, ba ta riƙe murya ko zaƙin kalangu.

To ina muryoyin suke? Kaso na farko yana gidajen rediyo. Mutanen Gwarzo ma suna da abin tinƙaho a wannan tarihi, don Alhaji Bello Dandago, Sarkin Dawaki Mai Tuta, wanda ya riƙe ƙasar Gwarzo, yana cikin Hausawan farko da suka yi aikin watsa labarai. Shi da Alhaji Isa Kaita ne suka riƙa karanta labarai da Hausa daga Akra ta ƙasar Gana lokacin yaƙin duniya na biyu. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, ya zama matattarar makaɗan Arewa, haka ma Rediyon Kano da gidajen talabijin. Sai dai zaren ɗaukar sauti yana da tsada a wancan zamani, kuma a duk duniya gidajen rediyo da talabijin sun riƙa goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. BBC ma ta yi haka da shirye-shiryenta na talabijin. Kaso na biyu faya-fayan garmaho ne da kamfanoni irin su EMI suka buga, waɗanda tun tuni aka daina bugawa. Na uku yana ƙasashen waje, wajen masu bincike irin su David Ames da Anthony King, waɗanda suka ɗauki kaɗe-kaɗen Zazzau da Katsina a shekarun 1960.

Kaso na huɗu, wanda a ganina ya fi duka yawa kuma ya fi shiga hatsari, yana cikin gidajenmu. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970, da kuɗin man fetur da na ƙarin albashin Udoji suka shigo, alhazai kuma suka riƙa dawowa daga Makka da rediyo mai kaset, abin ya game ƙauye da birni. Duk wanda ya yi wayo a Gwarzo ko Kabo ko Getso ko Garo a wancan lokaci ya san yadda ake yi. Ana biki ko naɗin sarauta, makaɗi ya kafa, sai ka ga mutum ya kutsa gaba da rikoda a kafaɗa, ya sa sabon batir, ya danna jan maɓalli da na kusa da shi tare, ya tsaya ƙyam har kaset ya ƙare ya juya bayansa. A cikin abin da ya ɗauka akwai guɗar mata, da muryar sanƙira yana shelar wane ya ba da riga, wane ya ba da fam kaza, da kukan jaki daga nesa. Masu sana'ar sauti za su ce ɗaukar ba ta da tsabta. Ga mai neman tarihi kuwa, wannan hayaniya ita ce rabin dukiyar, don ita ke gaya maka su waye manyan gari a ranar da abin da ake kyauta da shi.

Manyan makaɗa irin su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge sun sami gidajen rediyo da kamfanoni. Wanda bai samu ba shi ne makaɗin gangar noma da ke zuga samari ranar gayya, da makaɗin dambe da kokawa na bayan kaka, da na 'yan tauri da maharba, da mai kalangun mahauta, da matan da ke kiɗan ƙwarya a cikin gida ranar suna, da mawaƙin jam'iyya na zamanin PRP da NPN wanda bai wuce mazaɓarsa ba. Irin waɗannan, in akwai muryarsu a duniya, to kaset ɗaya ne ko biyu a ƙasan adakar wani dattijo, ko cikin kwalla a ɗakin wata tsohuwa. Ranar da aka yi rabon gado, ba wanda ke sa su cikin lissafi. Yara su jawo zaren su yi wasa da shi, ko a ɗaure shi a gona don korar tsuntsu.

Ko ba a taɓa shi ba, kaset ba ya jiran kowa. Zaren roba ne siriri da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu, kuma a jikin wannan gari sautin yake. Zafin ɗakin kwano yana sa robar ta saki, laimar damina tana kawo fumfuna ta kuma sa zaren ya manne da juna, ƙurar hunturu tana kankare shi duk lokacin da aka kunna. Akwai wani ɗan soso ƙarami a bakin kaset wanda ke danna zare a kan na'ura. In ya faɗi, sai murya ta dusashe, mai shi ya ɗauka waƙar ta goge ya yar, alhali gyaran minti biyu ne. Babbar ɓarna kuwa ita ce a ɗauko kaset mai shekara 40 a jefa cikin tsohuwar rediyon da robarta ta mutu. Nan take za ta cinye zaren ta tattauna shi. Su kansu na'urorin kirki ƙarewa suke yi, don an daina ƙera mafi yawansu, masu gyaransu kuma suna tsufa. Hukumar UNESCO ta yi gargaɗi a kan wannan tun 2019.

Wani zai ce ai masu tura waƙa a kasuwa sun gama wannan aiki, da kuɗi kaɗan za a cika maka memori da Shata da Narambaɗa da Ɗan'anace. Gaskiya ne sun yi abin a yaba, don ba don su ba da yaran yanzu ba su san waɗannan muryoyi ba. Amma abin da ke yawo a wayoyi kwafin kwafi ne, an matse shi don ya yi sauƙin turawa, an yanke farko ko ƙarshe, wani ma an liƙa masa sunan da ba nasa ba. Sai ka ga waƙar wani ƙaramin makaɗi an rubuta Shata a kanta don ta shiga. Mafi muni shi ne wanda ya kai kaset aka juye masa a waya, sannan ya zubar da kaset ɗin. Wayar ta faɗa ruwa ko a sace ta, shi ke nan an yi biyu babu.

Akwai kuma abin da ke riga zaren mutuwa, wato mutumin da ya san labarin. Kaset da ba rubutu a jikinsa, in mai shi ya rasu, ya zama murya kawai. Wa ke waƙar? A wane gari? Bikin wa? Wanene wannan da ake wasawa, me ya haɗa shi da wanda ake yi wa habaici? Dattijon da ya ɗauka zai amsa duk wannan cikin zama ɗaya, har ya ƙara maka da sunan mai kiɗa da 'yan amshi. Jikansa ba zai iya ba. Nan ne masu son jaz suka fi mu, don ba su raba sauti da bayaninsa.

Aikin ba gagarau ba ne, maƙwabta sun yi. A Nijar, Mamman Sani ya ɗauki kiɗan da ya yi da na'urar ogan a gidan rediyon ƙasa a 1978, aka buga kaset kaɗan. Wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsinci ɗaya a wata ma'ajiya a Yamai, ya nemo mai shi, aka sake bugawa a 2013 da yardarsa, daga baya har aka fito da waɗanda bai taɓa fitarwa ba, ya kuma je Turai ya yi wasa. A Gini, wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, da tallafin ɗakin karatu na Birtaniya, ya juye waƙoƙi fiye da 9,000 daga zarurrukan gidan rediyon ƙasar. Kano tana da Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, ga Gidan Arewa a Kaduna. Abin da ya rage shi ne a fita daga birni a bi garuruwa, gunduma gunduma, ta hannun hakimai da dagatai, da na'ura mai kyau da littafin rubutu.

Sai maganar haƙƙi, wadda ba a son tayarwa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Ke nan waƙoƙin Shata suna da masu su, haka na duk makaɗin da ya rasu a zamaninmu. Wanda ya mallaki kaset bai mallaki waƙar ba. Mai ɗora ta a YouTube yana karɓar kuɗi, 'ya'yan mai ita suna zaune ba su sani ba, ya ci haƙƙin magada ko da bai karanta doka ba. In za a sake fitar da tsohuwar waƙa don kasuwa, a nemi iyalan a yi yarjejeniya a rubuce.

Na san akwai waɗanda suka daina sauraron kiɗa saboda addini, kuma ba da su nake jayayya ba. Abin da zan ce kawai shi ne kada a ƙona. A cikin adakar nan ba kiɗa kaɗai ke akwai ba, akwai karatun malaman da suka rasu, da waƙoƙin bege, da saƙon murya da 'yan ci-rani suka riƙa aikowa gida a kaset. Waƙar fada kuma takan jero sunayen iyaye da kakannin basarake yadda ba a rubuta a ko'ina ba.

Mai karatu, in akwai irin wannan adaka a gidanku, fito da ita daga ɗakin kwano ka sa ta inda ba zafi ba laima, nesa da lasifika, don maganaɗisun jikinta yana goge sauti. Ka ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kowane kaset don kada a ɗora wani abu a kai bisa kuskure. Kada ka kunna shi a rediyon da ba ka amince da ita ba. In zare ya saki, sa biro ka naɗe a hankali. In an juye maka shi a kwamfuta, ka ce a bar shi da cikakken nauyinsa, ka ajiye a wuri biyu, ka kuma riƙe asalin. Kafin duk wannan, ɗauki takarda ka zauna da Baba ko Inna tun suna da ƙarfin tunawa, su gaya maka wanda ya yi waƙar, da garin, da shekarar, da wanda aka yi wa, ka rubuta ka sa a cikin gidan kaset ɗin.