Komawa gida bayan ritaya: Abin da ke jiran mai shirin tarewa a Cadawa

Ma'aikacin da ya shafe shekara 30 yana biyan kuɗin haya a Yamai, ko ɗan ci-ranin da ya gaji da zaman Abidjan ko Legas, ba ya rasa tunanin ranar da zai tattara ya koma gida. A 'yan shekarun nan matasa masu aiki ta intanet su ma sun shiga wannan lissafi, tun da aikinsu kwamfuta da waya kawai yake buƙata.

Ga 'yan asalin jihar Maraɗi, garuruwan da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram su ne suka fi jan hankali: Gidan Rumji daga yamma, sai Cadawa da Agye da Gazawa daga gabas.

Cadawa na cikin gundumar Agye, kuma a mota ba a cika awa guda ba an shiga birnin Maraɗi. Mutum zai iya kwana a gari mai sauƙin rayuwa, ya je banki ko babban asibiti da safe, ya dawo kafin la'asar. Yanki ne na gero da wake da gyaɗa da riɗi, ga kuma aya wadda aka san shi da ita har ƙetare.

Wuta da intanet

Ga mai aiki daga nesa, tambayar farko ita ce lantarki. Wutar da jihohin Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna sha daga Katsina take shigowa, ta layin da ya bi ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, ba ta maido ba sai a 2024 da ƙungiyar ECOWAS ta janye takunkumi.

Wannan ya nuna cewa wanda abincinsa ya rataya a kan kwamfuta ba zai dogara da kamfanin Nigelec kaɗai ba. Sai ya sa kuɗin faifan sola da batir a cikin kasafin ginin gida tun daga tushe.

Ta fannin sadarwa kuwa, akwai Airtel da Moov da Zamani, sannan Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025. Sai dai ƙarfin layi ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, don haka gara a gwada a filin da za a gina kafin a biya kuɗinsa.

Fili da takarda

Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, kuma tana cikin yankunan da jama'a suka fi cunkushewa a ƙasar. Gonakin gado sun rarrabu tsakanin 'ya'ya da jikoki har sun ƙanƙance.

Wanda ya yi shekara 25 ba ya nan zai iya tarar da ƙaninsa ne ke noma kasonsa, da shi yake ciyar da iyali. Karɓe gonar da ƙarfi na iya raba zumunci, barinta ba magana kuma na iya zama shari'a tsakanin 'ya'ya nan gaba.

Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Cofo, da ke ba da takardar shaidar saye ko gado ko aro. Cinikin baki, ko da a gaban dattawa aka yi shi, ba ya maye gurbin wannan takarda.

Lafiya da tsaro

Mai ritaya da ke fama da hawan jini ko ciwon suga sai ya san inda zai riƙa samun maganinsa kowane wata. Ƙananan asibitoci na duba zazzaɓi da haihuwa, amma ganin ƙwararren likita sai an dangana da Maraɗi.

Batun tsaro ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo cikin jihar, musamman gundumar Gidan Rumji, kuma ƙauyukan bakin iyaka a can da Madarumfa sun sha fama da satar shanu da garkuwa da mutane. Wanda aka san ya dawo daga waje ana yi masa kallon mai kuɗi, ko da fanshonsa bai taka kara ya karya ba.

Nauyin dangi

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a kasafi. A Yamai, ɗan'uwa sai ya kira waya a tura masa ta Nita ko Amana. A gida kuwa da sassafe zai yi sallama a zaure. Suna da biki da jana'iza da kuɗin magani duk za su biyo ta ƙofar, abin da aka rage na haya ya tafi nan.

Shi ya sa hanya mafi aminci ita ce gwaji kafin tarewa: mutum ya kama haya ya yi bazara guda da damina guda a garin, ya ga zafin watan Afrilu da sauron Agusta, ya lissafa abin da ya kashe. Idan lissafin ya fita, sai a kira magina.