Molly Picon

Molly Picon (28 ga Fabrairu, 1898 – Afrilu, 1992) 'yar wasan kwaikwayo ce ta ƙasar Amurka, wadda ta yi suna a wasan daɓe da finafinan harshen Yiddish, wato harshen Yahudawan gabashin Turai. An haife ta a New York, ta taso a Philadelphia, inda ta fara hawa dandamali tun tana ƙarama.

A shekarar 1919 ta auri Jacob Kalich. Shi ya zagaya da ita ƙasashen Turai domin harshen ya zauna a bakinta. A birnin Vienna ta fito a fim marar sauti mai suna "Ost und West" (1923).

An fi tunawa da ita a "Yidl Mitn Fidl" (1936), inda ta fito a matsayin budurwa mai goge da ta yi shigar maza don ta samu yawon kiɗa tare da mahaifinta. An ɗauki fim ɗin a Poland, har da mutanen garin Kazimierz Dolny a ciki. Bayan 'yan shekaru 'yan Nazi suka hallaka akasarin Yahudawan ƙasar, don haka fim ɗin na cikin 'yan abubuwan da suka adana kamannin rayuwarsu.

A 1971 ta fito a matsayin Yente, mai dalilin aure, a fim ɗin Turanci "Fiddler on the Roof".