Garin Gwaji a Cikin Kwamfuta



A shekarar 1971, wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Thomas Schelling, ya wallafa binciken da ya faro da kwabbai a kan allon dara. Kwabbai iri biyu ne, kowane kwabo magidanci ɗaya. Doka ɗaya tak ya gindaya musu: in maƙwabta irinka sun kai kamar kashi ɗaya cikin uku, yi zamanka, in ba su kai ba, tashi ka nemi wani gida. Ku lura, babu wanda ya ƙi zama da baƙo. Amma da aka yi ta matsar da kwabban, sai ga gari ya rabu unguwa-unguwa, kowa da nasa.

Tushen fannin kwaikwayon halayyar jama'a ke nan. A ba kowane mutum, ko dabba, ko mota, 'yar dokarsa, a sake su, a zuba ido a ga abin da taron zai haifar.

Kwamfuta ta karɓi aikin kwabbai. A 1999 Farfesa Uri Wilensky ya fito da manhajar NetLogo, wadda Jami'ar Northwestern ke kula da ita, kuma kyauta ce. Yanzu akwai NetLogo Web, da ke buɗewa kai tsaye a Chrome ko Firefox ba sai ka sauke komai ba. Garin Schelling yana ciki, haka ma kyarketai da tumaki, da yaɗuwar cuta. Ka ɗan ƙara yawan ciyawa, ka ga yadda garke zai kaya.

Kada a ɗauka wasan yara ne. A 2016 masu bincike a Amurka sun wallafa irin wannan kwaikwayo kan yaɗuwar shan-inna a Jihar Kano, don auna ko an katse cutar.

Abin da ya daɗe yana korar mutane shi ne rubuta umarnin kwamfuta. To, tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, mutum na iya bayyana abin da yake so da magana zalla, ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa umarnin, ta kuma taya shi gano inda ya kuskure. Malamin makaranta ko jami'in lafiya na iya gina nasa garin.

Sai dai a nan nake jan kunne. Wannan basira takan ƙago umarnin da babu shi, wannan da sauƙi, domin manhaja za ta tsaya cak. Mafi haɗari shi ne ta cusa dokar da ba ka nema ba, komai ya tafi sumul, hoto ya yi kyau, sakamako kuwa ƙarya. Na'ura ba ta san dalilin da ke hana uwa kai ɗanta rigakafi ba. Wanda ya zauna da mutane shi ya sani.

Don haka ɗalibai, ku gwada, amma ku karanta kowace doka da idonku kafin ku yarda da sakamako.