Hasumiyar Agadas a idon kyamara

Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, takan wahal da masu ɗaukar hoto. Cikin lungunan tsohon gari babu wurin ja da baya. Sai da gilashi mai faɗin gani, na milimita 16 zuwa 35, take shiga hoto ɗungum. Ga kuma rana ta ƙwalle bisa, inuwa ta yi duhu ƙasa.

Gwanaye kan girke kyamara bisa ƙafafunta, su ɗauki hoto 3: mai duhu, matsakaici, da mai haske, kana su haɗe su cikin kwamfuta. Amma fa sai da hattara: in gyara ya wuce kima, launin ƙasar ginin ya sauya, hoton ya daina zama shaida ga ƴan baya.