Idon roba mai rawa

Ɗan ƙaramin abu ne, wani bai wuce ƙwayar wake ba. Farin faifai ne a ƙasa, an kife shi da roba garai-garai mai ɗan tudu, a ciki kuma an saki baƙin ɗigo ba a manne shi ba. Da an girgiza sai ya yi rawa, da an karkata sai ya gangara gefe. Manna biyu a jikin dankali, nan take dankalin ya zura maka ido kamar yana da magana.

Sirrin yana cikin ƙwaƙwalwarmu. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka suka bayyana wani sashe na ƙwaƙwalwa da ya fi motsawa idan mutum ya ga fuska. Wajen gane fuska kuwa ƙwaƙwalwa ba ta jiran cikakkiyar hujja: ɗigo biyu a jere da layi a ƙasansu sun ishe ta. Shi ya sa muke ganin fuska a gaban mota ko a soket ɗin bango. Ga shi kuma farin idon ɗan Adam yana da faɗi, tun muna goye muka saba karanta inda baƙin ya nufa. To, idon roba ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ɗaya ya dubi sama, ɗaya ya faɗi ƙasa, sai mu ga ruɗewa ko mamaki a jikin abin da ba shi da rai, dariya ta kuɓuce mana. A 2024 har wasu jiragen ƙasa na birnin Boston aka liƙa wa irinsa, bayan fasinjoji sun nema.

Dabbobi ma ido na taɓa su. A Botswana an zana idanu a ɗuwawun shanu, binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna zaki bai kashe ko ɗaya daga cikin waɗanda aka zana wa ba.

Masu hoton kyanwa da kare sukan ɗora idanun roba a kan hanci ko a gindin wutsiya, sai wata sabuwar halitta ta fito a hoton. Abin yana da ban sha'awa, amma don Allah kada a sa gam a gashin dabba, kuma a kwashe su da an gama. Kare yakan haɗiye su, haka ma yaro mai rarrafe.